Yadda na sha zirga-zirga kafin na samu izinin ƙona rassan bayan gidana

Iska ce ta jawo maganar tun farko. Wani dare akayi ruwa da iska mai ƙarfi, da gari ya waye muka tarar babbar bishiyar dake bayan gida ta tsage gida biyu, rabi na tsaye rabi ya kwanta a kan shinge, Alhamdulillahi ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Na kira masu sare itace suka zo da injin zarto suka daddatse gungumen, manyan guntayen mutane suka kwashe, amma rassa da ƙirare da ganye duk aka bar min su tsibi guda, tsayinsa ya kusa kai kafaɗata. Ni kuma na dinga ƙara masa kaya, ciyawar da na nome, katakon shingen da ya karye, wata tsohuwar katifar soso da ta daɗe a sito, har da ledoji da robobin da iska ta kwaso. A raina nace ai rana ɗaya zan ƙyasta ashana kowa ya huta.

Wata biyu tsibin nan na ajiye yana bushewa, ɓeraye suka maida shi gida, maman yara kullum sai tayi min magana wai tana tsoron maciji saboda yara na wasa a wajen. Ranar wata asabar da yamma na ɗauko ashana da ɗan kananzir a gora zan gama da shi kenan, sai maƙwabcina wani dattijo ya leƙo ta saman shinge yace, "Malam, ka karɓo takarda kuwa?" Nace Baba takardar me? Yace ta izinin ƙonawa mana, a nan in aka ga hayaƙi ba takarda tara ce, in kuma wutar ta tsallaka ta taɓa kayan wani toh magana ta wuce tara. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci, ba da shi ba, da dokar. Filina ne, bishiyata ce, ashanata ce, ace sai na je na roƙi wani kafin na ƙona ƙirare a bayan ɗakina? Amma saboda girman dattijon na maida gorar ciki nace toh Baba zan bincika.

Daren nan na hau intanet ina nema, kuma a nan ne na kusa yin kuskure na biyu. Shafin farko da na buɗe yace daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ake ƙonawa, na gaba yace haramun ne ka kunna kafin ƙarfe 4 na yamma, kai ya ɗaure min, sai da na duba da kyau na gane ashe kowanne dokar wani wuri ne daban. Na farkon na jihar Masachuset ne a Amurka, su lokacin ƙonawarsu daga 15 ga Janairu ne zuwa 1 ga Mayu, ƙarfe 10 zuwa 4, kuma sai ka nisanci gidaje da ƙafa 75, akwai ma birane 22 a jihar da ba'a yarda ba kwata-kwata. Na biyun na jihar Bajiniya ne, daga 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu in kana kusa da daji da abin da bai kai ƙafa 300 ba, ba ka da damar kunnawa sai ƙarfe 4 ta wuce. Ƙasa ɗaya fa, amma wannan yace rana wancan yace yamma. Daga baya na fahimci kowa da abin da yafi tsoro. Wanda yafi tsoron hayaƙi yana so ka ƙona da rana tsaka lokacin da ƙasa ta ɗau zafi iska na tashi sama tana ɗauke hayaƙin, wanda yafi tsoron gobarar daji yana so ka jira yamma lokacin da iska ta lafa laima ta fara sauka. Shi yasa duk abin da ka karanta a waya, in ba na hukumar da kake ƙarƙashinta bane, ilimi ne kawai, ba zai tsaya maka ba ranar da aka zo ƙofar gidanka.

Litinin da safe na fita. Na fara da sakatariyar ƙaramar hukuma tunda a tunanina nan ne uwar komai, suka ce ba su bane in je sashen muhalli, a sashen muhalli wata mata tace su dokar hayaƙi da shara ce a hannunsu amma takardar kanta 'yan kwana-kwana ke badawa, na je ofishin kashe gobara aka ce mai sa hannu ya fita aiki sai gobe. Yini guda ya tafi a haka. Wannan kam har yau yana min ciwo, don babu allo ko ɗaya ko 'yar takarda manne a bango da zata ce maka ga inda zaka fara ga inda zaka ƙare, mutum yazo da niyyar bin doka amma a dinga turashi daga tebur zuwa tebur, wani da bai da haƙuri ai daga ofis na biyu zai juya gida ya kunna abinsa da daddare.

Washegari na samu jami'in, mutum mai natsuwa, ya miƙo min fom shafi biyu. Suna, adireshi, lambar waya, filin naka ne ko haya kake (in haya ne sai mai gida ya sa hannu), me zaka ƙona, girman tsibin, nisansa da gini mafi kusa, wane ruwa kake da shi a wajen, manya nawa zasu tsaya a kai. A bayan fom ɗin akwai fili da aka ce ka zana taswirar wajen da hannunka, gida, shinge, bishiyoyi, wayar lantarki, hanya. Da na zo wajen me zaka ƙona na rubuta rassa da shara. Ya karanta ya ɗago yace, "Malam wace irin shara?" Na lissafa masa da gaskiyata, katifa, leda, katako. Ya aje biro yace rassa da ganye da ciyawar da suka tsiro a filinka su kaɗai takardar nan ta sani, sauran ko ni ban isa in baka izininsu ba. Nace yallaɓai 'yar katifa ɗaya ce fa. Yace zan zo in gani da idona ranar Alhamis, kafin nan ka raba su.

Ya zo kuwa, shi da wani matashi riƙe da tef ɗin awo. Na riga na cire katifar da ledojin da na gani, ina ganin na gama, sai ya karɓi manjagara a hannuna ya soka cikin tsibin ya fara jawowa. Ga guntun tiyo, ga gwangwanin fenti, ga takalmin roba na yaro ƙafa ɗaya, ga guntun bututun ruwa fari. Ya ɗaga bututun yace wannan yafi komai muni a nan, irin robar nan ta PVC akwai sinadarin kulorin a jikinta, in ta ƙone a wuta mai sanyi-sanyi irin ta bayan gida tana fitar da guba da ake kira dayoksin, ba ta tsaya a hayaƙi kawai ba, tana sauka a ƙasa da ganye, dabba ta ci ta taru a kitsenta shekara da shekaru. Na je na karanta daga baya, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan gubobi masu daɗewa a muhalli ta ambaci dayoksin da sunansa, ta kuma lissafa ƙona shara a fili cikin hanyoyin da yake fitowa. Ni da nake ta ƙona leda tun ina yaro ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Sannan ya tsuguna ya ɗauki guntun katakon shingen, ya karce shi da farce ya nuna min wani launi kore-kore a jikinsa, yace wannan an jiƙa shi da maganin gara da ruɓewa, irin na da yawanci akwai wata guba mai suna asenik a ciki, in ka ƙona shi hayaƙin guba tokar ma guba, kuma nasan tokar nan a lambu zaka zuba. Gaskiya ya faɗa, niyyata kenan. Jikina yayi sanyi sosai, don a lambun nan ƙaramar 'yata ke zama tana wasa da ƙasa.

Sai awo. Daga tsibin zuwa bangon sito mita 9 suka samu, takarda kuma mita 15 take so daga kowane gini. Ya ɗaga kai ya nuna min wayar lantarki da ta ratsa ta gefe, da reshen rabin bishiyar da ya rage yana leƙo daidai saman wajen, yace zafi sama yake tafiya, ganyen can zai bushe ya kama kai kana kallon ƙasa. Ya taka zuwa tsakiyar filin ya zana da'ira da dugadugin takalminsa yace nan zaka yi. Kuma ba tsibin gaba ɗaya ba, ka haɗa ƙarami wanda faɗinsa bai wuce mita ɗaya da ɗan wani abu ba, ka dinga ciyar da shi kaɗan-kaɗan, babban tsibin ya zauna nesa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kewayen kuma ka share shi tas har sai ƙasa ta fito, mita 3 ta kowane gefe, ba ciyawa ba ganye. Wannan mita 15 ɗin ashe ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, akwai wani kundin ƙa'idojin gobara da garuruwa da yawa ke kwafa, International Fire Code, shi ya ce ƙafa 50 daga gini, wato kusan mita 15 kenan, in kuma tsibin ƙarami ne da bai wuce ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 2 a tsayi ba toh ƙafa 25 ya isa.

Wani amfanin ɗaga tsibin da ban yi tunaninsa ba, da muka fara kwashewa ni da babban ɗana sai ga bushiya ta fito daga ƙasansa, ga ƙadangaru, ga sheƙar tsuntsu. Da na kunna a inda yake da duk sun ƙone da ransu. Ƙasan tsibin kuma jiƙe yake sharkaf duk da samansa ya bushe ƙayau, ganyen ya fara ruɓewa yana wari, shi kuma ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, in ka sa masa wuta ba ci yake ba, turnuƙewa kawai yake yana fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda shi ne ke shiga gidajen mutane. Muka baza jiƙaƙƙen a rana, ganyen da ya ruɓe muka ware gefe.

Bayan kwana biyu aka kira ni na karɓo takardar, shafi ɗaya da hatimi da lamba a sama. Na ɗauka shikenan gobe sai wuta, ashe takardar ba ta ce ka kunna ba, cewa tayi kana da damar tambaya. Wa'adinta wata ɗaya, kuma duk ranar da zaka ƙona sai ka kira lambar dake jiki da safe ka faɗi lambar takardarka su ce maka yau an buɗe ko an rufe. Sauran sharuɗɗan na ƙasa, daga ƙarfe 10 zuwa 4, babba ya tsaya a kai har ta mutu, tiyo a haɗe da famfo ruwa na zuwa, shebur da manjagara a kusa, ba fetur ba taya wajen tada wutar, takardar ta kasance a aljihunka, ka sanar da maƙwabta, in wani ya kai ƙarar hayaƙi ko iska ta juya zasu iya cewa ka kashe nan take. Sai layi na ƙarshe da aka ja wa layi a ƙasa, wai wannan takarda ba ta ɗauke maka alhakin duk ɓarnar da wutarka tayi ba. Na karanta shi sau biyu a tsaye a bakin ofishin.

Sanar da maƙwabta na ɗauka abin minti biyar ne, amma shi ne ya canza min tunani fiye da duk abin da jami'in ya faɗa. Gida na uku ta gabas akwai wata dattijuwa da jikanta, nayi sallama na gaisheta nace Hajiya zan ƙona rassa cikin satin nan nace bari in faɗa miki. Tayi shiru kaɗan sannan tace, "Allah ya yi maka albarka ɗana da ka faɗa, dan Allah ka kira ni da safen ranar, zan kai yaron gidan 'yata." Ashe yaron asma gare shi. Ta shiga ta ɗauko abin shaƙarsa ta nuna min, tace bara wani ya ƙona ciyawa da magariba ba wanda ya sani, hayaƙin ya kwanta a unguwa bai tashi ba har dare, ƙarfe biyu suka tafi asibiti yaron na jan numfashi kaman ana shaƙe shi, ƙirjinsa na fito. Tana faɗa tana murza abin shaƙar a hannunta. Ni kuma sai asabar ɗin can ta faɗo min, da magariba zan kunna, da katifar soso a ciki, kuma iskar yamma gidanta take nufa.

Abin dake cikin hayaƙin da ke yin wannan aika-aikar ƙura ce 'yar mitsitsiya da ake kira PM2.5, silin gashin kai ya fi ta kauri kusan sau 30, hanci baya tace ta, har can cikin huhu take wucewa, wata ma ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tace gurɓatar iska na kashe mutane wajen miliyan 7 duk shekara, a 2021 ma ta ƙara matse ma'auninta na wannan ƙurar. Dalilin kwanciyar hayaƙi da magariba kuma, in rana ta faɗi ƙasa na hucewa da sauri, iskar ƙasa tayi sanyi tayi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kaman murfi, toh hayaƙin ina zai bi? Sai ya bi kwari da lungu ya shiga ta taga.

Ranar farko na kira ƙarfe 8, aka ce an rufe, iska zata tashi da rana. Na leƙa waje ko ganye baya motsi, na ji haushi don na ɗau hutun aiki saboda wannan, amma wajen ƙarfe ɗaya sai ga ta nan, har kayan shanya ta zubar. Rana ta biyu aka sake cewa an rufe, wannan karon ba iska bace, rashinta ne, garin yayi dum hayaƙi ba zai tashi ba. Nan na gane ranar da suke nema 'yar tsakiya ce, iska kaɗan mai tafiya gefe ɗaya, ƙasa da ɗan danshi, ba zafi mai tsanani ba. Wasu wuraren ma watanni suke rufewa gaba ɗaya, jihar New York ta Amurka tun 2009 take hana ƙona rassa daga 16 ga Maris zuwa 14 ga Mayu duk shekara saboda lokacin ne ciyawar bara ke bushe sabuwa bata fito ba, a Ostireliya kuma akwai ranakun da ake shelar hana kunna kowace irin wuta a waje, ko kana da takarda a ranar bata aiki.

Sai rana ta shida aka buɗe, an yi yayyafi kwana biyu kafin nan. Na kira Hajiya, na jira har na ga sun fita da yaron. Na jiƙa kewayen da tiyo, na cika bokiti biyu na aje, na sa kaya masu kauri na auduga da takalmi rufaffe, ɗana ya riƙe shebur, Baba maƙwabci ma ya zagayo ya zauna a kujera daga nesa yace bari ya taya mu ido. Da busassun ƙirare da takarda na tada ta, ashana biyu ta kama. Abin da ya bani mamaki hayaƙin kaɗan ne, minti biyar na farko ne yayi fari daga nan wutar tayi zafi ta koma ja tana ci tsaf, sama-sama kawai kake ganin iska na rawa. Muna ɗauko rassa runguma ɗaya mu sa, mu jira ta cinye mu ƙara. Aiki ne mai cin rai, ga zafi a fuska, sau da yawa zuciyata na ce min tura rabin tsibin kawai a gama.

Wajen sha biyu da rabi ɗana ya jefa wani reshe mai busassun ganye da yawa, daidai lokacin wata 'yar iska ta bugo, ganyen suka kama suka tashi sama da wutarsu kaman tsuntsaye. Ina bin guda da ido ya tsallake duk mita ukun da muka share ya sauka cikin ciyawa kusa da shinge. Kan kace kwabo wajen ya kama, faɗin tabarma, kuma da rana harshen wutar ciyawa ba ya ganuwa sosai, baƙin da ke faɗaɗa kawai kake gani da ƙarar tas-tas. Baba ya miƙe yana cewa "ga ta can, ga ta can!" Na ja tiyo da gudu, Allah ya taimaka tsawonsa ya kai, ɗana na bugun gefen da bayan shebur, cikin minti ɗaya muka kashe. Amma gabana ya daɗe yana faɗuwa, hannuna har rawa yake. Bayan shingen nan rumfar Baba ce da katakai jingine. Da a tsohon wajen ne, da tsibin gaba ɗaya ke ci, da magariba, ni kaɗai ba tiyo a haɗe, ban san me zan ce wa bawan Allahn nan ba. Daga nan duk reshe mai ganye sai mun zage ganyen kafin mu sa.

Ƙarfe 3 na daina ƙarawa duk da akwai saura, don sharaɗin ba cewa yayi ka daina sa itace ƙarfe 4 ba, cewa yayi ƙarfe 4 ta same ta a mace. Jami'in ya ja min kunne kan wannan tun ranar awo, yace kar ka kuskura ka rufe ta da ƙasa ka tafi, ƙasa ba kashe garwashi take ba, adana shi take. Ruwa zaka zuba, ka juya da shebur, ka sake zubawa, ka sake juyawa, har sai ka kai bayan hannunka kusa baka ji ɗumi ba. Haka mukayi, toka na tashi tana cika mana ido, tururi na fita fuu, wajen ya zama taɓo baƙi. Ƙarfe 4 saura na kira ofishin nace na gama, suka rubuta.

Maganar binne wuta ba tsoratarwa bace. A jihar Kolorado ta Amurka ranar 30 ga Disamba 2021 gobarar da ake kira Marshall ta cinye gidaje sama da 1,000, kuma masu bincike sun ce ɗaya daga cikin wurare biyun da ta faro tarkace ne da aka ƙona ranar 24 ga wata aka rufe da ƙasa, kwana shida garwashin na kwance har iska mai ƙarfi ta zo ta yaye shi. A jihar New Mexico kuma a 2022, tsibin rassan da ma'aikatan gandun daji da kansu suka ƙona a watan Janairu ya ci gaba da ci a ƙarƙashin ƙasa har dusar ƙanƙara ta sauka a kai, ya farka a Afrilu ya haɗu da wata wutar suka ci eka sama da 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar. Waɗannan na New Mexico ƙwararru ne fa masu kayan aiki.

Duk da haka akwai abin da ban yarda da shi ba a tsarin, kuma na faɗa wa jami'in da bakina. An hana ni ƙona katifa da roba da katako mai magani, na yarda ɗari bisa ɗari, amma da na tambaya ina zan kai su sai aka fara kame-kame, sai da na yi kwana uku ina tambaya kafin na samu wajen da ke karɓa, na ɗauki hayar mota na kai. Ni ina da halin yin haka, wanda bai da shi fa? Ingila ta hana ƙona karan gona bayan girbi tun 1993 abin ya zauna, a arewacin Indiya kuma jihohin Punjab da Haryana an hana amma duk Oktoba da Nuwamba sai hayaƙin ya rufe Delhi, saboda manomi na da 'yan makonni ne kacal tsakanin girbin shinkafa da shukar alkama kuma ashana tafi komai sauƙi a wajensa. In hukuma zata ce kar ka ƙona toh ta nuna maka inda zaka zubar, ta sa motar kwasa, ta manna bayanin inda kowa zai gani, ba sai maƙwabci ya leƙo ta shinge ba.

Washegari da sassafe na fita da shebur in duba wajen. Samansa sanyi ƙalau har raɓa ta sauka a kai. Na soka shebur ta gefen da wani ɗan kututture yake na juya shi, sai ga cikinsa ja, yana numfashi, bayan duk ruwan da muka zuba jiya. Na tsuguna ina kallonsa, zafinsa na dukan fuskata. Na farfasa shi na tsoma gutsattsarin cikin bokiti ɗaya bayan ɗaya suna cuu, na sake jiƙa wajen gaba ɗaya, da yamma na dawo na duba, washegari ma haka.

Ragowar rassan ban sake kunna musu wuta ba duk da takardar na da sauran kwanaki. Masu kaurin na sassare na jera a gefen sito, ganyen da ƙananan ƙiraren na haƙa rami na zuba ina yayyafa musu ruwa su zama taki. Hajiya ta dawo da jikanta da la'asar ɗin ranar da muka ƙona, da na je gaisheta tace ko warin hayaƙi bata tarar a ɗaki ba, yaron na tsakar gida yana buga ƙwallo da bango.